Naman layya a cikin zafi: yadda muka bi da rago ɗaya daga turke zuwa kwalla

A Najeriya Sallar layya ta 2025 ta faɗo ranar Juma'a, 6 ga Yuni. Ta 2024 ranar 16 ga Yuni aka yi ta, ta 2023 kuma 28 ga Yuni. Kowace shekara tana matsowa da kwana goma zuwa sha biyu, wato shekarun da ke tafe a tsakiyar bazara za mu riƙa yanka, lokacin da zafin Kano da Sakkwato da Damagaram kan haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyas. Dabarun da suka fisshe mu sa'ad da Sallah ke zuwa da sanyin hunturu ko na tsakiyar damina ba lalle su fisshe mu yanzu ba. Shi ya sa na rubuta yadda muka bi da ragonmu a waccan Juma'ar, da dalilin kowane abu da muka yi.

Duk aikin a kan ɗan lissafi guda ya rataya. Zafin jikin rago digiri 39 ne. Ƙwayoyin cutar da ke ɓata nama suna hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, kuma inda suka fi sakewa shi ne daidai zafin jikin dabba da na tsakar gidanmu. In sun samu danshi, duk minti 20 ɗaya kan zama biyu, cikin awa bakwai ƙwaya ɗaya ta haura miliyan biyu. Cikin tsokar lafiyayyen rago kuwa kusan babu ƙwayar cuta. Daga gashi da kashin ciki da hannu da wuƙa da ƙuda take samun su. Don haka abu biyu muka tsare ranar: kada ƙazanta ta taɓa tsoka, kada kuma tsoka ta daɗe cikin ɗumi da danshi.

Ragon mun saye shi saura wata guda, mai nauyin kilo 45. Dalilin sayen wuri shi ne allura. Masu kiwo da dillalai kan yi wa dabba allurar oksitetrasaikilin mai dogon aiki, wato maganin ƙwayoyin cuta, kafin su kai ta kara, ita kuwa tana ɗaukar mako uku zuwa huɗu kafin ta fita daga nama, adadin kwanakin ma a rubuce yake a jikin kwalbar. Wanda ya saya jajibere bai san abin da ke cikin tsokar ba, sai dai ya tambaya ya yi fatan an gaya masa gaskiya. Mun duba hanci babu majina, ido garau, gindi babu zawo, yana tuƙa in ya kwanta. Kaskar da muka samu a kunnensa da hantsaki muka cire muka jefa a kananzir. Ba a murtsuke kaska da farce, domin akwai zazzaɓi mai sa zubar jini da ake ɗauka daga gare ta da kuma jinin dabbar da ta ciza.

Akwai wata al'ada da ya kamata mu bari, ta cewa "a yi maza a sa masa wuƙa kafin ya mutu". A Yunin 2023, gab da Sallah, hukumomi sun yi gargaɗi kan cutar antarakis, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, bayan ɓullarta a arewacin Gana, a Yuli kuma aka tabbatar da ita a wata gona da ke Suleja. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini wanda ba ya daskarewa na fita ta hanci ko dubura, ba a feɗe ta, ba a ma ja ta. Likitan dabbobi ake kira. Dama dabbar da ciwonta ya bayyana ba ta isar wa layya.

Daren jajibere da ƙarfe goma muka ɗauke masa dusa da harawa, muka bar masa ruwa kawai. Awa goma sha biyu ba ci ba ya cutar da shi, amma yana rage cikar tumbi, tumbin da bai cika tam ba kuwa ba ya saurin fashewa a hannun mai fiɗa. A daren ne kuma muka shirya wurin. Aka wanke dandamalin siminti, aka haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya da rabi a bayan gida don jini da kashin ciki, aka ɗaura igiya a azarar rumfa. Na ware robobi uku masu launi daban: ja ta kayan ciki, shuɗiya ta tsoka, fara ta dafaffen nama kaɗai. Wuƙaƙe biyu ga mai fiɗa, da tukunyar tafasasshen ruwa a gefe don tsoma su. Buta da sabulu kusa da igiyar, inda ba sai an yi tafiya ba. Sai bokitin ruwan bilic: babban cokali biyu a lita biyar, in mai ƙarfin kashi 3.5 cikin 100 ne kamar yadda aka rubuta a jikin robar. Wannan na katako ne da wuƙa da siminti, ba ya zuwa kusa da nama. Kuma sai an fara wanke abu da sabulu kafin a tsoma shi, don maiƙo da jini suna kashe ƙarfin bilic.

Ƙarfe goma saura kwata, bayan an sauko Idi liman ya yanka, maigida ya yanka namu a bakin ramin. Muka bar shi ya tsiyaye kamar minti biyar, har jini ya tsaya. Naman da jini bai fita sosai ba ya fi saurin lalacewa. Daga nan aka ɗauke shi daga ƙasa aka rataye. Fiɗa a ƙasa, a kan fatar ragon ko a kan buhu, ita ce hanya mafi sauƙi ta kwaso yashi da kashi a jikin nama, kuma da zarar sun manne wanki ba ya raba su.

Mahaucin ya tsaga ƙafar baya zai sa baki ya hura. Na miƙa masa famfon keke. Ya ce, "Hajiya, ai da baki muka gada." Na ce, "Haka ne, Baba, amma a gwada wannan, ya fi sauri, kuma ku ma ya hutar da ku." Ya gwada ya ga haka ne. Bakin mutum yana kai nasa ƙwayoyin ƙarƙashin fata, shi ma mai hurawar yana ɗaukar na dabbar. Abu na biyu da na roƙe shi: hannun da ke riƙe gashi kada ya taɓa tsoka, fatar kuma a riƙa naɗe ta waje don kada gefen gashin ya juyo ya shafi nama. Wuƙar da ta tsaga fata ta shiga ruwan zafi, ɗayar ta ci gaba.

Fasa ciki shi ne wurin da aka fi yin ɓarna, kuma minti biyu ne kacal. Kafin a fasa aka ɗaure hanyar abinci ta wuya da zare, aka zagaye dubura da wuƙa aka ɗaure ta ita ma, don kada abin da ke ciki ya zubo ta sama ko ta ƙasa. Ya sa yatsu biyu a ƙarƙashin fatar cikin, bakin wuƙa na kallon waje, ya gangaro a hankali. Tumbi da hanji suka faɗa jar roba gaba ɗaya. Ya cire matsarmama daga jikin hanta ba tare da ta fashe ba. Duk da haka ɗan kashi ya ɗiga a cinya ɗaya. Abin da hannu ke fara kai wa shi ne tsumma da ruwa, kuma kuskure ne, don ruwa watsa ƙazantar yake yi a duk cinyar. Yanke wurin aka yi, kamar faɗin tafin hannu, aka jefa a rami. A cikin kashin nan ne ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da E. coli ke zaune, wani nau'in E. coli ɗin kuwa kaɗan daga cikinsa ya isa ya sa yaro kashin jini har ya taɓa masa ƙoda.

Na duba hanta da huhu da kaina. Lafiyayyar hanta sumul take, launinta ɗaya. Na tsaga ta biyu ina neman farar jijiya mai tauri ko tsutsa mai faɗi kamar ganye, ban samu ba. A jikin kitsen da ya lulluɓe tumbi sai ga wata 'yar jakar ruwa kamar ƙwan tantabara. Ƙwan tsutsar ciki ce ta kare. Aka yanke ta ba a fasa ba aka binne. Irin wannan, da duk hanta ko huhun da aka ƙi, kada a jefa wa kare, don a cikinsa tsutsar ke girma ta dawo ta kashinsa.

Kayan ciki mutum ɗaya na ba wa, a can bakin rami, kamar taku goma daga inda nama yake. Aka zazzage tumbi a ramin, aka wanke shi da ruwan da ake zubawa daga buta, ba a tsoma shi a ruwan da ya riga ya yi datti. Aka zuba masa ruwan zafi aka kankare, hanji kuma aka juya shi da tsinke aka wanke ciki da waje. Gishiri da lemon tsami da muke cuɗa su da shi ƙarni suke cirewa, ƙwayar cuta wuta ce kaɗai ke kashe ta. Shi ya sa farfesun kayan ciki ne ya fara hawa murhu, kafin ƙarfe sha ɗaya da rabi. Hanta da ƙoda da huhu da hanji sun fi tsoka ruwa, sun fi ta saurin juyawa, ba su da haƙurin jira har la'asar. Hantar da aka gasa wa masu buɗa baki ma sai da aka yanka ta siri-siri ta gasu har ciki, babu ja a tsakiya. Yarinyar da ta wanke hanjin kuwa, sai da ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta goge ƙarƙashin farce, ta sauya zane, kuma ranar ban ba ta yankan albasa ko latas ba, ban kuma ba ta goyo ba.

A gidaje da yawa akan rataye rago ya kwana, a ce sai ya tsane. Al'adar tana da dalili. Bayan yanka tsoka kan sandare na wasu awanni kafin ta saki, naman da aka dafa a sandare kuma ya fi tauri. Amma a daren da zafi bai sauka ƙasa da digiri 27 ko 28 ba, cikin cinya kusa da ƙashi yakan kwana da ɗumi, kuma daga can ruɓa ke farawa. Da safe waje ya bushe fes, sai an tsaga a ji tsami ko a ga kore-kore a jikin ƙashin. Mutanen Nijar da ke baje rago a kan sanduna su jera kewaye da babbar wuta tun rana har dare, su gashi suke yi, wuta na aiki a kan naman. Wannan daban yake da ɗanyen nama a igiya. Su ma cinya da kafaɗa sai an tsattsaga su zafin ke kaiwa ga ƙashi. Mu dai raba shi biyu muka yi ta tsakiyar gadon baya, muka cire cinyoyi da kafaɗu muka rataye kowanne daban a inuwa inda iska ke wucewa, muka lulluɓe da tsohon gidan sauro wankakke. Awa biyu kawai, don tururin jiki ya fita saman ya bushe. Taurin da ake gudu, doguwar tafasa tana maganinsa. Fiya-fiya ko wani maganin ƙwari kuwa bai kusanci wurin ba. Ƙuda da raga ake tsare shi, da kuma rufe ramin jini da ƙasa da toka tun da wuri, don nan ne matattararsa.

Nama da ƙashi ya tashi kilo 21. Da sha biyun rana aka hau yanka a kan katako biyu da ke kan tebur. Na fara da rabo, kilo takwas, kowane kaso a ledarsa ko kwano mai murfi, kuma kafin ƙarfe ɗaya duk yara sun kai sun dawo. Sadakar da aka riƙe sai washegari ko bayan magariba, wanda aka ba shi ne zai kwana da ciwon cikin, kuma galibi shi ne marar firji. Kilo huɗu na firiza ne. Na ƙulla shi kilo ɗai-ɗai, na danne kowace leda ta yi faɗi, kaurinta bai wuce yatsu uku ba, na jera su a jikin bangon firizar da tazara a tsakani. Firizar gida ba ta iya daskarar da buhun ɗumin nama lokaci guda. Wajen zai ƙanƙare, tsakiyar ta yi kwana guda ko fiye tana ɗumi, sannan ya narkar da abin da ya tarar a ciki. Tun saura kwana uku na cika ta da robobin ruwa suka zama ƙanƙara, saboda cikakkiyar firiza in an ɗauke wuta ba a buɗe ta ba tana riƙe sanyi kusan awa 48, mai rabi kuma awa 24, firji kuwa awa huɗu ne kawai. Na kuma daskarar da ruwa a kofi na ɗora kwabo a kai. In aka dawo aka tarar da kwabon a ƙasan kofin, an san kayan sun narke sun sake daskarewa ba a sani ba.

Sauran kilo tara na suya ne, kuma nan ne aikin yake.

Yanka ya zama daidai wa daida, kowane kamar kwalin ashana. Babban yanka waje yake soyuwa ya bar ruwa a ciki. Na ware mai ƙashi da mai kitse gefe, don ɓargo yana riƙe danshi, kitse kuma yana saurin yin ɗoyi, su za a fara ci. Game da wankin nama, masana da yawa cewa suke kada a wanke, don feshin ruwan yana kai ƙwayoyin cuta kan kwanuka da kayan miya. Gaskiyarsu ne, amma naman da aka sara da gatari a gida ba ya rasa ɓarɓashin ƙashi da gashi. Abin da na yi shi ne ɗauraya ɗaya, a cikin roba, a tsugune nesa da wurin wanke-wanke, ana gamawa ya faɗa tukunya, ruwan kuma ya tafi rami. Ba a wanke nama a ajiye.

Na ɗora shi da gishiri babban cokali huɗu, albasa biyar, citta, tafarnuwa, masoro da kanumfari, ruwa kaɗan don naman zai fitar da nasa. Ya yi minti 45 yana tafasa. Masu jefa farasitamol a tukunya don nama ya yi laushi su daina, magani ne mai illa ga hanta, ba kayan girki ba ne. Wanda ke sauri ya jefa 'yan yankan ɗanyar gwanda. Da ya dahu na kwashe da matsami a kwando, kwandon a kan farar roba, ya tsane minti 20 yayin da mai ke zafi. Nan ma akan yi asara: a tafasa nama da rana, gajiya ta zo, a rufe shi a ce sai gobe a soya. Dafaffen nama mai ɗumi a rufe ya fi ɗanye haɗari, don wuta ta kashe ƙwayoyin da ke gasa da juna ta bar fili ga duk wadda ta fara sauka.

Man gyaɗa lita biyar na zuba a babban kasko. Gwajin zafinsa yankan albasa ne: in ta taso nan take tana kumfa ba ta ƙone ba, ya yi. Kowane zubi bai wuce kilo ɗaya da rabi ba, in aka cika kasko man hucewa yake yi naman ya sha shi. Mutane da yawa sun ɗauka mai ne ke adana soyayyen nama. Abin da ke adana shi fitar ruwa ne, man hanya ce kawai ta korar ruwan. Kumfar nan da ƙarar da ake ji, ruwa ne ke fita. Don haka kunne ne ma'auni. Muddin kasko na ɓaɓatu akwai sauran ruwa. In ƙarar ta kwanta, kumfar ta zama ƙanana, naman ya yi duhu ya yi sauƙi a matsami, to ya kusa. A wuta matsakaiciya wannan ya ɗauke ni minti 15 zuwa 20 kowane zubi. Wuta mai ƙarfi yaudara ce, cikin minti biyar waje ya yi ja ya rufe, ciki kuwa jiƙe. Kowane zubi sai na ɗauki mafi girman yanka na ɓare shi. In tsakiyar na sheƙi ko ta yi laushi, ya koma kasko. Suya iri biyu na yi, ban kuma haɗa su ba. Mai taushi, ta mai ƙashi da kitse, wadda za a ci cikin kwana biyu ana ɗumamawa. Sai busasshiya ƙarau ta ajiya, tsoka zalla. Kilo taran nan bayan suya bai kai kilo huɗu da rabi ba, kuma raguwar nan ita ake nema.

Bayan kwashewa na baza shi a faranti mai faɗi, shimfiɗa ɗaya, raga a kai, har ya huce sarai. In aka zuba shi da ɗumi a kwalla aka rufe, tururi zai taru a murfi ya ɗiga, kwana uku sai fumfuna. Kwallar kanta tun jajibere aka wanke ta aka kife a rana. Masu narka kakiɗe su binne naman a ciki, dabara ce mai kyau in naman ya bushe ƙarau, don tana raba shi da iska da danshin damina. In kuwa da sauran ruwa a cikinsa, an yi masa ɗakin da babu iska ke nan, kuma akwai ƙwayar da irin wannan wurin take so, Clostridium botulinum, wadda dafinta ke shanye jijiyoyi har numfashi ya gagara, sau da yawa ba tare da abincin ya sauya wari ba.

Na rataya cokali a jikin kwallar, na kuma ce kowa da shi zai ɗiba. Dalili shi ne Staphylococcus, ƙwayar da ke zaune a hanci da fata da ƙurjin hannun mutane masu lafiya. Gishiri ba ya damun ta. In ta samu nama mai ɗan danshi takan zuba dafi, dafin kuma ba ya mutuwa ko an sake soyawa. Ita ce mai sa amai cikin rabin awa zuwa awa takwas bayan cin abinci. Saboda ita ne ma dambun nama ke buƙatar kulawa fiye da suya, don bayan dahuwa yana bi ta turmi da taɓarya da yatsu. Turmin da ruwan zafi aka wanke shi aka shanya, ana gama daka kuma dambun ya koma wuta har sai da ya yi wara-wara ba ya dunƙulewa in an matsa.

Abin da aka fi mantawa da shi romo ne. Ana gama suya kowa ya gaji, tukunyar romo lita goma ko sha biyar na gefe a rufe. Tukunya irin wannan takan yi awanni da yawa kafin ta huce, kuma a nan Clostridium perfringens ke samun yadda take so. Tana da ƙwai mai tauri da ba ya mutuwa a tafasa, da zafi ya sauko wajen digiri 45 sai ya farka ya hayayyafa da saurin da ya fi na sauran. Murɗar ciki da zawon da ke kama gida guda da asubar washegarin Sallah, awa shida zuwa ashirin da huɗu bayan ci, wanda ake cewa "nama ne ya yi yawa", sau da yawa daga nan yake. Na raba romon a kwanuka marasa zurfi, bai wuce tsawon yatsa ba, na jera su a baho mai ruwan sanyi ina juyawa, cikin awa ɗaya suka shiga firji. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje, a irin zafinmu kuwa awa ɗaya ya fi aminci. Gidan da babu firji, ko dai a yi miya da romon a shanye a daren, ko a bar shi a kan garwashi yana turiri, da asuba kuma a tafasa shi sosai har ya yi ta ɓulɓula ana juyawa kafin kowa ya ɗanɗana. Ɗan ɗumamawa sama-sama ya fi rashin ɗumamawa muni. Haka shinkafar Sallah, ita ma tana da tata ƙwayar mai dafin da ba ya jin wuta, saboda haka wadda ta wuni a kula har ta huce ba a ajiye ta kwana.

Kai da ƙafa tun azahar aka babbaka su da itace, aka kankare aka wanke, suka hau wuta da la'asar. Babbaka da taya ko leda tana barin baƙin hayaƙi mai guba da ƙarafa a jikin fata, kankara ba ta fitar da shi duka.

Kafin magariba aka wanke katakai da wuƙaƙe da gatari da sabulu, suka yi minti goma a ruwan bilic, aka shanya. Katakon da ya tsattsage har wuƙa na shiga ramukansa itacen girki ya zama. Tsummokaran da suka taɓa jini an tafasa su. Fatar an barbaɗe ta da gishiri an fitar da ita daga gida.

Na kuma tanadi gishiri da sukari don ko-ta-kwana: lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko kuma ƙullin ORS na kemis. Mai zawo ruwan jikinsa ake fara mayarwa, ba a fara da kafso ba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ta nuna gurɓataccen abinci na kashe mutum 420,000 a shekara, 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Don haka in yaro ne ko tsoho ko mai ciki, ko aka ga jini a bayan gida, ko amai ya hana ruwa zama, ko ido ya faɗa fitsari ya ɗauke, ko gani ya rabu biyu haɗiya ta yi wuya, asibiti ake nufa ba a jira gari ya waye ba.

Ranar Litinin, kwana uku da yanka, aka yi ruwan sama, iska ta yi nauyi. Na juye kwallar a faranti na duba ɗaya bayan ɗaya. Yanka uku daga ƙasa sun yi laushi suna ɗan danƙo a yatsa, na zubar da su, ban ɗanɗana ba, ban kuma mayar da su kasko ba. Sauran na sake soya su minti biyar a sabon mai, suka huce a ƙarƙashin raga, suka koma wata kwallar busasshiya. Haka na riƙa yi duk bayan kwana uku, har naman ya ƙare a mako na uku.